Sauko, Yaya

Duk wanda ya taɓa ɓatar da makullin ɗakinsa a wannan layin ya san Mai Makulli. Rumfarsa tana tsakanin mai gyaran takalmi da shagon fenti, kuma rabinta injin yankan makulli ya cinye. Sauran rabin shi ne, da kujerarsa mai gajeriyar ƙafa da ya tokare da katako, da allon da ɗanyun makullai ke rataye jere-jere. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, garin tagulla ya shige ƙarƙashin faratansa har ya zama ɗan gida. Ba ya son dogon ciniki, ba ya yawan dariya, kuma in ka kawo masa kwaɗon da ka riga ka daddaka da dutse, sai ya gama yi maka faɗa tukuna zai karɓa. Amma makullin da ya yanka ba ya dawowa gyara. Da wannan yake taƙama, kuma yana da gaskiya.

Injin nan ya ciyar da shi, ya kuma karɓi ladansa a kunne. Shekara da shekaru yana yi masa tsuwa a gefen kai, har siraran sautuka suka daina isa gare shi. Ba ya jin ƙarar waya, ba ya jin kukan agogo, sauro ma sai dai ya wayi gari ya ga kumburi. Muryar mutum kuwa yana jin ta sarai, musamman in maganarsa ake yi.

Jirgi ya shigo rayuwarsa ta but ɗin mota. Wani mai kemis ne ya kulle makullinsa a ciki, aka kirawo Mai Makulli. But na buɗewa sai ga jirgin sama kwance a kan bargo, tsawonsa bai wuce hannun mutum ba, fiffike ɗaya a karye.

"Na yaronka ne?"

"Na uban yaron ne," in ji Mai Kemis. "Yaron ko taɓawa ba ya yi."

Mai Makulli ya ɗaga shi ya ji shafal, ashe da irin farin soson nan da ake naɗe firiji aka yi shi. Ya duba siraran ƙarafan da ke jan wutsiya, ya yi tsaki, ya ce wanda ya lanƙwasa su sauri yake yi. Ya tafi da jirgin rumfa ya gyara ba tare da an roƙe shi ba. Ranar Lahadi ya kai wa mai shi filin da suke taruwa, da niyyar ya miƙa ya juya. Bai juya ba sai da rana ta take.

Filin tsohuwar tashar manyan motoci ce a bayan wata masana'anta da ta daɗe a rufe. Siminti ya daddare, ciyawa ta leƙo ta kowace tsaga. Masu zuwa ba su da yawa: Mai Kemis, da Dogo mai koyar da tuƙi, da wasu biyu-uku, duk magidanta, wasu har da furfura, tsaye da rimot a hannu sun ɗaga kai sama baki buɗe. Da Mai Makulli ya ba matarsa labari, cewa ta yi, "To, gara wannan da wani abin," ta ci gaba da yankan albasa.

Jirage uku ya farfasa kafin hannunsa ya faɗa. Na huɗu shi ya ƙera da kansa, ya sa masa suna Tsattsewa. Ya shafa wa bayanta jan fenti, cikinta kuma zanen baƙi da fari, don ko ta yi nisa ya san a kife take ko a daidai. Ba irin jirgin da ke zagaye fili kawai ya sauka ba ce. Tsattsewa tana alkafura, tana mirgina, tana gudu ciki a sama kai a ƙasa, tana haurawa tsaye ta faɗo ta gefe ɗaya kamar an kira ta. Hannun da ya saba jin bambancin haƙorin makulli da ɗan uwansa bai sha wahalar sandunan rimot ba. Cikin 'yan shekaru, in Mai Makulli ya tashi jirgi, sauran sukan sauke nasu su tsaya kallo.

Abin da wanda ba ya harkar bai sani ba shi ne, duk wannan daɗin gajere ne. Batirin irin wannan jirgi bai kai girman sabulun wanka ba. Sai ya sha caji kusan awa guda, ya ba ka minti biyar ko shida a sama, shi ke nan. In ka ce za ka sa babba don ka daɗe, jirgin ya yi nauyi, alkafurar ta zama ta mai tumbi. In kuma ka yi zari ka tatse shi ƙarƙaf, inji ya mutu maka a sama, batirin ya kumbura, ya tashi daga aiki har abada. Ga shi mai tuƙi ba ya iya ɗauke ido ya duba agogo, domin ƙiftawa ɗaya ta isa jirgi ya sumbaci siminti. Sauran suna da ɗan abin da ke yin tsuwa a jikin jirgi in batir ya yi ƙasa. Mai Makulli ma ya sa, don ado kawai, tunda ba ya ji.

Nan Auta ya shigo. Auta ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goya shi, shi ya koya masa keke. Yanzu gemunsa ya fara fari, yana da mata da 'ya'ya da shagon gyaran waya mai sola a kan rufi, amma har gobe Auta ne. Tunda shagonsa ba ya rasa wuta, can batiran suke kwana, cikin akwatin ƙarfe, ga bokitin yashi a gefe saboda tsaro. Auta ya san halinsu kamar 'ya'yansa: kada a bar su cike su kwana biyu, kada a bar su wayam, kada su sha rana. Shi ke cajinsu, shi ke sa wa jirgi, shi ke cirewa. In jirgi ya tashi kuma, sai ya tsaya daf da kafaɗar yayansa ta hagu da agogon waya a hannu. Magana uku kawai yake yi.

"Rabi, Yaya."

Can an jima, "Saura kaɗan."

Sannan, "Sauko, Yaya."

A kan komai na duniya Mai Makulli yana musu da Auta. Launin fentin shago, makarantar da za a kai yaro, hanyar da ta fi kusa, ko yaushe Auta bai san komai ba. Amma a filin nan bai taɓa yi masa gardama ba. Ko yana tsakiyar mirgina ne, da ya ji "sauko" zai daidaita fiffike ya rage wuta ya juyo. Dogo yakan ce nan ne kaɗai wurin da ake ganin ƙane yana ba wa wansa umarni a duniya, ya kamata a riƙa karɓar kuɗin kallo.

Akwai abin da Mai Makulli yake barin wa ƙarshe kullum. Yakan kawo Tsattsewa ƙasa-ƙasa, ya ɗaga hancinta sama, ya tsayar da ita cak a kan wutsiya, farfela kaɗai ke riƙe da ita, kamar an rataye ta da zare. Babu abin da ke cin batir kamar wannan tsayuwar, babu kuma abin da ke neman nutsuwar yatsa kamarta. A wurinsa, tashin da ba a rufe da ita ba bai cika ba.

Wata Lahadi, yana cikin wannan tsayuwar, Tsattsewa ta fizge gefe ɗaya, ta wuce ta saman kawunan mutane har Dogo ya durƙusa, ta je ta daki ƙofar motar Mai Kemis. Ba wanda ya ji rauni, farfela ce kawai ta karye.

"Iska ce," in ji Mai Makulli.

"Iska ce," in ji kowa. Ledar da suke ɗaurawa a kan sanda don ganin iska kuwa tana rataye ko motsi ba ta yi.

Shi ya san babban yatsansa na dama ne ya yi tsalle a kan sandar rimot. Amma ranar ya sha shayi mai kauri bai karya ba, ya ɗora laifin a kan wannan, ya rufe maganar. Ba ya son tunanin ya kai shi wurin mahaifinsu. Tsohon da karkarwar hannu ya ƙare, har kofi ya gagare shi, kuma Mai Makulli ne ke ba shi abinci a baki. Abin da ya fi ci masa rai a lokacin ba karkarwar ba ce. Yadda mutane ke shawarar tsohon a gabansa ne, ta saman kansa, kamar ba ya ɗakin.

Daga wannan Lahadin batirai suka fara tsufa. Da farko "sauko" takan zo yana shirin tsayuwar wutsiya. Sannu a hankali ta koma zuwa tun bai kai nan ba.

"Har an kai?"

"An kai, Yaya. Batiran sun gaji. Ka san ba sa daɗewa."

Aka sayo sabbi, su ma haka. Mai Makulli ba mutumin da zai zauna abu ya fi ƙarfinsa ba ne. Ya ce in batir ba zai ƙaru ba, to jirgi zai rame. Ya kankare fentin da ya yi kauri. Ya huda tayoyi. Ya sauya ƙarafan ƙafa da waɗanda suka fi siranta, ya ƙwaƙule cikin jikin jirgin har in ka ɗaga shi a rana kana ganin haske ta cikinsa. Watanni ya yi a haka, in ciniki ya lafa sai ya ɗauko Tsattsewa da reza. Sau da yawa Auta ne ke riƙe masa fiffike yana yanka. Duk da haka "sauko" ba ta ƙara ko daƙiƙa ba.

Sai ya juya kan mai sayar da batiran. Wani matashin magidanci ne mai shago a saman bene, ana kiransa Oda, domin duk abin da ka tambaya amsarsa ɗaya ce: babu, amma a yi oda. Mai Makulli ne ya yanka masa makullin shagon ranar da ya buɗe, kuma tun daga nan Baba yake ce masa. Ranar nan Mai Makulli ya hau benen yana haki, ya zazzage batirai a kan gilashin kanta, shago cike da mutane.

"Tsoffin kaya kake sa wa sabuwar leda, ko? Ni za ka cuta? Ni da na san ka tun ba ka da kanta?"

Ya kira shi macuci, ya kira shi maras kunya, ya ƙara da waɗanda ba su faɗuwa. Oda bai ɗaga kai ba. "Ka yi haƙuri, Baba," kawai yake cewa. Mai Makulli ya ɗauki wannan a matsayin amsa laifi, ya sauko ya shaida wa duk layin. Har mai gyaran takalmi, wanda bai taɓa ganin batirin jirgi ba, ya daina amsa gaisuwar Oda.

Asiri ya tonu ne ta hanyar da ba ta kai ta kawo ba. Wata safiya Auta ya ce "sauko", Tsattsewa ta sauka ta gangaro har gaban ƙafar mai ita, daidai lokacin da wayar Auta ta yi ƙara, matarsa ce. Auta ya juya baya yana amsawa. Mai Makulli ya tsuguna ya buɗe murfin da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba, ya zaro batirin.

Batirin da ya yi aiki da zafi yake fitowa, kamar dafaffen ƙwan da aka tsamo yanzu. Wannan ɗumi-ɗumi ne kawai. Ya juya shi a tafin hannu, ya kara a kumatu. Sannan ya miƙe ya nufi Mai Kemis, wanda ke da 'yar mitar awon batir rataye a wuya.

"Ara mini mitarka."

"Kai, wannan mitar," in ji Mai Kemis, ya dafe ta a ƙirji. "Kwanan nan ƙarya take yi."

"Ba ni in ji irin ƙaryar."

Ya soka batirin a jikin mitar. Mitar ta nuna fiye da rabi yana nan. Ya ɗaga kai ya dubi mutanen. Dogo ya tsuguna yana ɗaure igiyar takalmin da ke ɗaure. Mai Kemis ya tsura wa farfelarsa ido. Wani ya tuna yana da abin ɗaukowa a mota. Sai a lokacin Mai Makulli ya lura da motocin: duk an jere su can nesa, bayan tsohon famfon mai, ba inda aka saba ajiye su ba. Ya yi ƙoƙarin tuna tun yaushe, ya gane an daɗe.

Auta ya gama waya ya juyo, ya ga batir a hannun yayansa da mita a jiki.

Kowa ya jira tsawa, tsawa ba ta zo ba. Mai Makulli ya miƙa wa Mai Kemis mitarsa har da godiya, ya ɗauki Tsattsewa ya tafi bakin titi ya tari mota, bai jira Auta ya kai shi ba.

Washegari bai buɗe rumfa ba sai da ya hau benen Oda. Mutum ne mai zafin kai, amma ba ya kwana da haƙƙin wani in ya gane. Ya so a ce shagon a cike yake kamar rannan, don ya wanke yaron a gaban jama'a. Ya sami mutum biyu, ya ce su ma sun isa shaida.

"Na zage ka a kan abin da ba ka yi ba. Kayanka lafiyarsu ƙalau. Ka yafe ni."

Oda ya zagayo da sauri ya kama hannunsa. "Haba Baba, wallahi ba komai. Ni ban riƙe ka ba. Ai na san za ka zo rannan."

"Ka san zan zo?"

"Auta ya riga ka zuwa. Ya ce kana tafe da faɗa, in daure in shanye, kada in ce komai. Har kujerar bakin ƙofa ya ce in kawar, kada ka yi jifa da ita." Ya yi 'yar dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya haɗiye. Ya jawo aljihun kanta. "Ga batiran da ka bari ma, ina kula da su. Suna rabin caji yadda ake so."

Mai Makulli ya tsaya yana kallon batiran, an jera su tsaf an ɗaure da roba. Ya hau benen nan da kunya, amma kunyar mutumin da ya yi kuskure da kansa. Yanzu ya ga ko fushin nasa ma ba nasa ba ne. An san ranarsa, an share masa wuri, an kawar da kujera, kamar yadda ake kawar da abin fashewa in yaro mai rarrafe zai shigo ɗaki. Ya sauko benen yana dafa bango.

A gida ya sami matarsa tana ninke kaya. Bai yi kwana-kwana ba.

"Ke ma kin sani?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ni na fara yi masa maganar."

"Ke."

"Ni. Baban yara, kofi yana kaɗawa a hannunka. Na daɗe ina gani. Me ya sa kake tsammani na daina cika maka shayi?"

Ya tuna. Watanni yana yi mata tsiyar ta koyi rowar ruwan zafi, tana dariya tana cewa tsufa ne ya kama ta. Ya zauna a bakin gado ya ɗora hannayensa a kan gwiwa yana kallonsu. A lokacin shiru suke, ko motsi babu.

"Rannan saura ƙiris ka cire wa mutum ido," in ji ta a hankali. "Auta ya ce in ka daɗe da rimot a hannu ne yatsan ke farawa. Muka ce to a rage maka, ka yi wasanka ka sauka lafiya. Mene ne laifi a ciki?"

Ya sa takalmi ya fita.

Auta yana sunkuye a kan wata waya da ƙaramin sukundireba. Da ya ga inuwar yayansa a ƙofa sai ya miƙe tsaye, kamar yadda yake yi tun yana yaro in ya yi ɓarna.

"Da ka ce mini hannuna ne," in ji Mai Makulli.

"Da ka ji? Yaya, kai ne fa. Wa ya isa ya ce maka hannunka?"

"Da na zage ka. Da na yi wata ban amsa gaisuwarka ba. Amma da na sani, ni zan zaɓi abin da zan yi. Ka tsaya a kafaɗata kana yi mini ƙarya kowace Lahadi. Ka riƙe mini fiffike ina yanka jirgina kamar mahaukaci, kana kallo."

"Tsoro na ji, Yaya. Na ga na Baba ya dawo."

"Na Baba ya dawo kam. Ga shi kuna shawarata ta saman kaina."

Auta ya share ido da bayan hannu. "Na yi laifi. Ka yafe ni. Wallahi daga yau abin da agogo ya ce shi zan faɗa, ko ƙari ko ragi babu. In hannunka ne kuma, zan ce hannunka ne, ka zage ni."

Mai Makulli ya dube shi. Ya san Auta ba ya rantsuwa a banza, ya kuma san da gaske yake. Ya gyaɗa kai ya fita, yana ganin kamar maganar ta wuce.

Ya ƙaurace wa filin na ɗan lokaci, sannan wata Lahadi ya ɓullo da Tsattsewa a hammata. Aka gaishe shi da fara'ar da ta yi yawa. Auta ya sa batir, ya nuna masa mita cike kafin ya rufe murfi, ya nuna masa agogo a kan sifiri, ya koma kafaɗar hagu. Safiyar a kwance take, leda a kan sanda ta langaɓe.

Tsattsewa ta tashi. Ramar da aka yi mata ta sa ta zama kamar ba ta da jiki, abin da yatsa ya raya shi take yi. Ya kai ta sama, ya mirgina ta, ya kifa ta ya wuce da ita ƙasa-ƙasa zanen cikinta yana kallon rana. Daɗin da ya yi kewarsa ya dawo masa har cikin ƙirji.

"Rabi, Yaya."

Sai ya ji kansa yana tambaya: rabi ne? Bai taɓa wannan tambayar ba a rayuwarsa. Ya kore ta, ta dawo.

Yatsan ya fara, ɗan motsi ƙanƙane a ƙarƙashin fata. Ya ji shi, ya danne sandar da gefen yatsa, ya sassauta numfashi, motsin ya lafa. Ashe ana iya lallashinsa. Da an gaya masa tun farko, da ya daɗe da koyon wannan.

"Saura kaɗan."

Ya juyo da ita daga ƙarshen fili, yana rage gudu.

"Sauko, Yaya."

Ya kasa kunne sosai, yana neman wani abu a cikin muryar da zai bambanta ta da ta watannin baya. Babu. Ita ce dai, da taushinta, da ɗan jan "Yaya" a ƙarshe. Da ita aka gaya masa gaskiya shekara da shekaru, da ita aka yi masa ƙarya, kuma kunnensa bai iya raba su ba. Wataƙila lokaci ne ya cika. Wataƙila Auta ya hango yatsan ne, tausayi ya sake kama shi. Ya ɗaga hancin Tsattsewa ya tsayar da ita a kan wutsiya.

Ta tsaya cak, tsayin mutum biyu daga ƙasa, ko rawa ba ta yi. Bai taɓa tsayar da ita da kyau haka ba. Filin ya yi tsit.

"Yaya, sauko. Lokaci ya wuce."

Bai motsa ba.

"Yaya, wallahi tallahi gaskiya nake faɗa! Ga agogo, duba!"

Ba ya iya dubawa, Auta ma ya san haka. Ɗan abin tsuwar da ke jikin jirgin ya fara ihu, kowa a filin yana ji ban da mutum ɗaya. Dogo ya ɗaga murya, Mai Kemis ma, duk suna cewa ya sauko. Su ne dai waɗanda suka ce iska ce. Mai Makulli ya riƙe ta, yana kallon jan bayanta, yatsansa a zaune daram.

Sai ƙarar farfelar ta yi laushi. Jirgin da ke tsaye a kan wutsiya ba shi da gudun da fiffike zai kama iska. Ya tura wuta har ƙarshe, babu abin da ya zo. Tsattsewa ta zame ta baya, ta juya, ta daki siminti. Jikin da aka ƙwaƙule bai da abin da zai tare, ya watse kamar biskit.

Auta ya ruga mota ya ɗauko bokitin yashin da ba ya zuwa filin sai da shi. Mai Makulli ya taka a hankali ya riga shi isa. Ya tsuguna ya ture soso, ya zaro batirin. Ya kumbura ya yi tim, zafinsa har yana cizon tafin hannu. Na ɗan lokaci kaɗan wani farin ciki maras kunya ya ratsa shi: batir ne, ba hannunsa ba. Sannan ya dubi abin da ya rage na Tsattsewa, farin cikin ya tafi.

"Yaya, jefa shi nan, zai iya kamawa da wuta."

Ya saka shi a yashin. Auta ya tura wa batirin yashi a kai.

"Yau gaskiya ka faɗa," in ji Mai Makulli.

"Na gaya maka, Yaya. Na rantse maka."

"Ka gaya mini. Da muryar da ka gaya mini sauran."

Auta ya sunkuya zai taya shi tsince gutsattsarin.

"Bari."

Ya tsince su shi kaɗai, tayoyin da ya huda, da wutsiya, da hancin da ya lotse. Sauran suna tsaye nesa kaɗan. Da ya ɗauki rabin fiffiken ya miƙe, karkarwar ta zo masa gaba ɗaya, bai danne ta ba, bai sa hannun a aljihu ba. Jan fiffiken yana kaɗawa a hannunsa kowa yana gani. Ya tsaya a haka yana dubansu ɗaya bayan ɗaya, yana jira. Babu wanda ya ce iska ce.